Kukis: 'Yar Lambar da Shafukan Intanet Ke Gane Mu da Ita

A 'yan shekarun nan, duk wanda ya buɗe wani shafi a intanet, ko a waya ko a kwamfuta, yakan ci karo da wani ɗan akwati da ke tare masa rubutu. Akwatin yakan ce, cikin Turanci, wannan shafi yana amfani da kukis, sa'an nan ya nemi a amince. Yawancinmu ba ma tsayawa mu karanta. Data tana ƙarewa, sabis yana rawa, caji ya kusa mutuwa, sai mu danna maɓallin amincewa domin akwatin ya kauce mana mu ga abin da muka zo nema. Mun sa hannu ke nan a kan yarjejeniyar da ba mu san abin da ke cikinta ba.

A nan Toranke, ko a Ajingi, ko a Gaya, babu magidancin da zai dangwala yatsa a takardar gona ba tare da an karanta masa ita ba. To, don me za mu riƙa dangwalawa a waya sau biyar a rana ido rufe? Domin haka muka ga ya dace mu yi wa ɗalibanmu, da iyaye, da 'yan'uwanmu malamai bayani a kan wannan abu: mene ne shi, ina amfaninsa, ina haɗarinsa, kuma me za mu iya yi.

Mantuwar shafin intanet

Shafukan intanet da muke gani a yau sun samo asali ne daga aikin wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ya tsara su a 1989 sa'ad da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a Jeneba, ƙasar Siwizalan. Tsarin nasa mai sauƙi ne. A wayarka akwai manhajar da kake buɗe shafuka da ita, wadda ake kira burauza, irin su Chrome, Opera Mini, Phoenix, Firefox da Safari. A can wani wuri mai nisa kuma akwai babbar kwamfuta wadda shafin yake zaune a cikinta, ana ce mata uwar garke. In ka danna, burauza ta aika roƙo, uwar garke ta aiko da shafin, magana ta ƙare. In ka sake dannawa bayan daƙiƙa biyu, uwar garke za ta karɓe ka kamar baƙon da ba ta taɓa gani ba.

In karatu kaɗai ake so, wannan mantuwa ba ta da laifi. Amma a wajen ciniki babbar matsala ce. Mu ɗauka akwai wani mai shago wanda yake manta fuskarka da zarar ka juya. Ka ce ya auna maka sukari, ka juya ka ɗauko sabulu, kafin ka waiwayo ya mai da sukarin cikin buhu yana tambayarka me kake so. Ba za a taɓa gama ciniki da irin wannan mutum ba.

A 1994 wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, ma'aikacin kamfanin Netscape a Amurka, ya samo mafita. Ya ce tun da uwar garke ba ta iya tuna baƙo, bari ta ba shi 'yar alama ya riƙe, duk sa'ad da ya dawo ya nuna ta. Wannan alama ita ce kuki, jam'inta kukis. A Turanci kalmar sunan wani ɗan biskit ce, amma shi ya aro ta ne daga wata tsohuwar kalma ta masu rubuta manhajar kwamfuta. Burauzar Netscape da ta fito a watan Oktoba na 1994 ta zo da wannan dabara a cikinta, tana karɓar kukis ba tare da ta gaya wa mai ita ba. Jama'a ba su farga ba sai a watan Fabrairu na 1996, da jaridar Financial Times ta Landan ta buga labarin. Mu tuna cewa wayar salula ta GSM ba ta fara aiki a Nijeriya ba sai a 2001. Wato kukis sun girmi wayoyinmu da shekara 7, mun tarar da su ne suna jiranmu.

Yadda abin yake aiki

Kowa a cikinmu ya san rumfar mai cajin waya. Kakan miƙa wayarka, ya liƙa mata lamba, ya ba ka ɗan kati mai wannan lambar. Mai caji ba ya bukatar ya tuna fuskarka, gama mutanen da ke zuwa wurinsa suna da yawa. In ka dawo da katin, ya duba lamba, ya miƙo waya.

Haka kukis suke. Ran da ka fara shiga wani shafi, uwar garke takan haɗo da ɗan gajeren rubutu cikin abin da ta aiko, ta umarci burauzarka ta adana shi. Rubutun yana ɗauke da sunansa, da wata doguwar lamba ta haruffa da alƙaluma, da sunan gidan da ya bayar da shi, da ranar da zai mutu. Ƙarami ne ƙwarai, ba ya wuce haruffa wajen 4,000, yawanci ma bai kai layi biyu ba. Daga nan duk lokacin da ka sake neman wani abu a wannan gida, burauza takan miƙa rubutun tare da roƙonka ba tare da ta tambaye ka ba. Uwar garke ta duba lambar, ta ce, a'a, ai wannan shi ne wanda ya zo ɗazu.

Akwai misali na biyu da zai ƙara mana haske, shi ne katin asibiti. Ɗan katin da marar lafiya yake tafiya da shi gida lamba ce kawai a jikinsa. Babban fayil ɗin, mai ɗauke da tarihin ciwonsa da magungunan da aka ba shi, yana can a ɗakin ajiyar asibiti. Kuki shi ne ɗan katin. Fayil ɗin yana hannun masu shafin, kuma ba ka ganin abin da suke rubutawa a ciki. Wanda ya riƙe waɗannan misalai biyu ya gane kome. Tambayoyi biyu ne kaɗai suka rage a kowane lokaci: wa ke riƙe da katin, wa kuma ke riƙe da fayil?

Ya kamata mu kawar da wani tsoro marar tushe tun yanzu. Kuki ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ne, ba kuma manhaja ba ce. Rubutu ne kurum. Ba ya iya buɗe hotunanka, ba ya sauraron kiranka, ba ya shan katin wayarka. Burauza kuma ba ta miƙa shi ga kowa sai gidan da ya bayar da shi. Ban da haka, ba don shi ba da intanet ya zama wahala: da sai ka sake rubuta kalmar sirrinka a kowane dannawa, da fom ɗin da ka fara cikawa ya ɓace kafin ka kai shafi na biyu, da harshen da ka zaɓa ya koma Turanci kullum.

Ire-iren kukis

Ana raba su ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta tsawon rai. Akwai na zama ɗaya, wanda bisa ƙa'ida yake mutuwa in an rufe burauza. Akwai kuma mai daɗewa, wanda aka rubuta masa ranar mutuwa, wata ɗaya ko shekara ko fiye. Shi ne yake sa ka buɗe Facebook ko Gmail bayan mako guda ka tarar kana ciki, ba a tambaye ka kome ba.

Hanya ta biyu ita ce ta wanda ya bayar. Akwai na mai gida, wato shafin da ka nufa da kanka, wanda sunansa yake rubuce a saman burauza. Akwai kuma na baƙo, wato wani kamfani dabam wanda ba ka nufe shi ba, ba ka ma san yana wurin ba. A kan wannan na baƙo ne duniya ta shafe kusan shekara 30 tana gardama.

Baƙon da ba mu gayyata ba

Shafin da muke gani kamar abu ɗaya ne, amma a gaskiya haɗe-haɗe ne. Labarin ya fito daga gidan jaridar. Tallar da ke gefe ta fito daga wani kamfanin talla. Bidiyon da ke tsakiya daga wani gida, maɓallin nuna so ko na turawa daga wani gidan kuma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gidaje yana iya ba burauzarka nasa katin, yana kuma iya sanin a wane shafi kake sa'ad da ya gan ka.

Mu kwatanta da kasuwar Wudil. A ce wani dillali ya zaunar da yaronsa a kowace rumfa. Da ka shiga rumfar farko yaron ya maƙala maka lamba a bayan riga ba ka sani ba. Ka je wurin masu taki, yaron da ke can ya ga lambar ya rubuta. Ka je kemis ka tambayi maganin hawan jini, an rubuta. Ka tsaya wurin masu atamfa da akwati, an rubuta. Ka yi tayin rago ka fasa, an rubuta. Da yamma yaran suka kai wa dillali littattafansu, ya haɗa. Bai san sunanka ba, amma ya san mai wannan lamba manomi ne, akwai marar lafiya a gidansa, ana shirin biki, kuɗinsa kuma bai cika ba. Mai taki ya san abu ɗaya game da kai, mai kemis ma abu ɗaya. Dillali kuwa ya san duka. Da yayyafi kogi kan cika.

Wannan ita ce ainihin sana'ar kamfanonin talla na intanet. A cikin ɗan lokacin da shafi yake buɗewa, kafin ƙiftawar ido, ana yin gwanjo tsakanin masu talla a kan wanda zai nuna maka hajarsa, kuma abin da aka sani game da lambarka shi ke yanke farashi. Shi ya sa in ka duba farashin takalmi a wani shafi, takalmin yakan bi ka duk inda ka shiga har kwana da kwanaki.

Tun da wuri masana suka hango wannan. Ƙa'idar kukis ta farko da aka buga a watan Fabrairu na 1997 ta ba da shawara burauza ta riƙa ƙin kukis na baƙo sai in mai ita ya yarda, amma manyan kamfanonin burauza na lokacin ba su bi ba. A 1999 kamfanin talla na DoubleClick ya sayi kamfanin Abacus, mai riƙe da sunaye da adireshin miliyoyin masu sayayya a Amurka, da niyyar haɗa lambobin kukis da sunayen mutane na ainihi. Jama'a suka yi ca, hukuma ta buɗe bincike, kamfanin ya janye shirin a 2000. A 2007 Google ya ba da sanarwar sayen DoubleClick a kan Dala biliyan 3.1. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya biya irin wannan kuɗi ya san darajar fayil ɗin da ya saya.

Daga baya wasu masu burauza sun ɗauki mataki. Firefox ta fara toshe kukis masu bin sawu da kanta a 2019, Safari kuma ta toshe na baƙo gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a watan Janairu na 2020 cewa Chrome ma za ta daina karɓarsu cikin shekara 2, ya yi ta ɗagawa, har a watan Yuli na 2024 ya ce ya fasa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Chrome ce take zuwa a cikin yawancin wayoyin Android da ke hannunmu.

Wani zai ce, to, ina ruwana in wani kamfani a Amurka ya san ina son takalmi? Amsar ita ce, ba takalmi kaɗai muke nema a waya ba. Mutum yakan tambayi intanet abin da yake jin nauyin tambayar likita. Yakan nemi bashi, yakan karanta labarin siyasa da na addini, yakan duba abin da ya shafi aure. Lambar kuma ba ta daɗe tana zama marar suna. Ran da ka shiga asusunka, ko ka cika fom da lambar wayarka domin wata gasa ko wani tallafi, an sami hanyar ɗaura suna a kan fayil. Sa'an nan wanda ya san damuwarka ya san inda zai taɓa ka. Matashin da aka ga yana yawan duba sakamakon ƙwallo shi za a dama da tallar caca, wanda aka ga yana neman kuɗi shi za a dama da tallar bashin gaggawa mai ruwa mai yawa.

Haɗarin da ya fi kusa da mu

Duk abin da muka faɗa a sama ya shafi masu riƙe da fayil. Amma a ƙasarmu haɗarin da ya fi kusa yana wajen katin ne. Waɗanda suka tsara kukis sun ɗauka kowane mutum yana da na'urarsa shi kaɗai. Mu kuwa ba haka muke ba. Waya ɗaya takan zagaya gida, daga uba zuwa uwa zuwa yara. Ɗalibi yakan ari wayar abokinsa ya duba saƙo. Mukan bar waya wurin mai caji, mukan kai ta gyara, mukan sayar da ita a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mukan je kafe a Gaya ko Wudil mu buga takarda a kwamfutar da mutum 30 suka zauna a gabanta a ranar.

Mu koma ga mai caji. In katinka ya faɗi wani ya tsinta, zai iya karɓar wayarka, gama lamba ake dubawa. Haka kuki yake. Bayan ka rubuta kalmar sirrinka sau ɗaya, uwar garke ba ta ƙara tambayarta, kukin da ta ba burauzar take dubawa. Duk wanda ya zauna a gaban wannan burauza bayanka, a wurin uwar garke kai ne.

Ɗalibanmu na aji shida su lura da wannan ƙwarai. Tun 2017 hukumar JAMB take ba da gurbin karatu ta tsarin da ake kira CAPS, inda ɗalibi da kansa zai shiga shafinsa ya danna ya karɓi gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Ɗalibin da ya duba shafinsa a kafe, ya tashi bai fita daga asusun ba, ya bar wa na bayansa ƙofa a buɗe. In mugu ne, ko yaro mai wasa da hannu, dannawa ɗaya na iya jawo asarar shekara guda ta karatu da kuɗin da iyaye suka sayar da gyaɗa ko ridi suka tara. Haka yake ga imel, wanda ta cikinsa ake sauya kalmar sirrin sauran asusu duka. Haka yake ga Facebook, inda ake shiga da sunan mutum a roƙi 'yan'uwansa kuɗi ko a rubuta abin da zai zub da mutuncinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai kuma tonon asiri na cikin gida wanda ba mugunta a cikinsa. Uwa ta bincika wani ciwo da ba ta gaya wa kowa ba tukuna. Da yamma ɗanta ya karɓi wayar zai yi aikin gida, sai ga tallar magani da ta asibiti suna ta fitowa. Ba wanda ya yi kutse, kukis ne kawai suka yi aikinsu.

Ana kuma iya satar kuki daga nesa. A 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya fitar da wata 'yar manhaja mai suna Firesheep domin ya nuna yadda ake ɗauke kukis na mutanen da ke amfani da Wi-Fi ɗaya. Wannan ya taimaka wajen tilasta wa manyan shafuka su riƙa ɓoye saƙon da ke tafiya tsakanin burauza da uwar garke, abin da ake ganewa in adireshin shafi ya fara da https. Ɓarayi sai suka koma ga manhajojin jabu da ake turowa da sunan kyautar data ko tallafi, waɗanda in an sauke su suke kwashe abin da ke cikin burauza.

Abin da doka ta ce

Ɗan akwatin nan da ke neman amincewa daga Turai ya samo asali. A 2009 Tarayyar Turai ta gyara wata dokarta ta 2002, ta ce ba za a ajiye kuki a na'urar mutum ba sai da yardarsa, in ban da wanda shafin ba zai yi aiki ba sai da shi. A ranar 25 ga Mayu 2018 wata babbar dokar kare bayanai ta fara aiki a can, ta ƙara tsananta sharuɗan yarda. Kamfanoni da yawa sai suka yi wayo, suka sa maɓallin amincewa babba mai launi, hanyar ƙi kuma suka ɓoye ta a bayan shafuka. A watan Janairu na 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ba da sanarwar cin Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook kuma Yuro miliyan 60, a kan wannan dabara kaɗai.

Mu ma a Nijeriya ba a bar mu a baya ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Janairu na 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai ta farko. A ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC a Abuja. Dokar ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya yarda yana iya janye yardarsa. Ta ba mutum ikon ya tambayi kamfani abin da yake riƙe da shi game da shi, ya sa a gyara ko a goge, ya hana a dame shi da talla, ya kuma kai ƙara wurin hukumar. Ta ware bayanan lafiya, da addini, da ƙabila, da ra'ayin siyasa a matsayin masu bukatar kariya ta musamman. In mai bayanan yaro ne, sai an nemi yardar iyaye ko mai riƙonsa. A 2025 hukumar ta fitar da umarnin aiwatar da dokar, wanda ya bukaci shafuka su nuna sanarwar kukis a fili, su kuma nemi yarda kafin su sa waɗanda ba na dole ba.

An kuma fara hukunci. A watan Agusta na 2024 NDPC ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, ta ce cikin laifofin har da amfani da kukis da manhajar banki wajen sarrafa bayanan mutane ba tare da cikakkiyar yardarsu ba. Bankin ya musanta cewa ya karya doka. A watan Yuli na 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 a kan yadda ya yi da bayanan 'yan Nijeriya, kotun musamman da ke sauraron irin wannan ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilu na 2025. Abin da muke so ɗalibai su riƙe shi ne, ɗan Toranke yana da wannan haƙƙi daidai da ɗan Legas.

Abin da za mu yi

Rigakafi ya fi magani. Ga shawarwari 7 da ba sa bukatar kuɗi.

1. In ka shiga asusunka a na'urar da ba taka ba, ka fita kafin ka tashi. Rufe shafi ba fita ba ne. Sai ka nemi maɓallin fita ka danna, gama shi ne yake sa uwar garke ta soke katin. Kada kuma ka yarda burauzar kafe ta adana maka kalmar sirri.

2. A kafe ko a wayar aro, ka buɗe tagar sirri, wadda Chrome take kira Incognito. A kwamfuta ana danna Ctrl da Shift da N tare. In ka rufe tagar, kukis ɗin da aka ba ka a cikinta suna mutuwa. Amma ka sani wannan yana ɓoye sawunka ne ga wanda zai zauna bayanka kaɗai, ba ya ɓoye ka ga masu shafin ko kamfanin sadarwa. A 2024 Google ya amince ya goge ɗimbin bayanai domin ya sasanta wata ƙara da aka kai shi a Amurka a kan bin sawun masu amfani da wannan taga.

3. In akwatin nan ya fito, ka ba shi daƙiƙa 10. Nemi inda aka ce a ƙi duka, ko a karɓi na dole kaɗai. Yawancin shafuka za su ci gaba da aiki yadda ya kamata.

4. Ka shiga saitin burauzarka, sashen sirri da tsaro, ka toshe kukis na baƙo. Sau ɗaya ake yi.

5. Ka riƙa share kukis lokaci lokaci. A kwamfuta Ctrl da Shift da Delete suna buɗe wurin. Sharewa za ta fitar da kai daga yawancin asusunka, saboda haka ka tabbata ka san kalmomin sirrinka tukuna. In wani ne ya buɗe maka imel, ka sauya kalmar da ya sa maka.

6. Ka sa wa wayarka makulli kafin ka bar ta wurin caji ko gyara. In za ka sayar da ita ko ka yi kyautarta, ka fita daga asusunka, ka mai da ita yadda ta fito daga kamfani.

7. Kada ka sauke manhajar da aka turo ta WhatsApp da alkawarin kyauta, ko da daga wurin aboki ta fito.

Mu sani kuma cewa kukis ba su kaɗai ne hanyar bin sawu ba. Manhajojin waya suna amfani da wata lambar talla da ke cikin wayar kanta, wadda ake iya gogewa a saitin Android. Wasu shafuka kuma suna gane na'ura ta irin allonta da harshenta da sauran siffofinta. Duk da haka, wanda ya bi shawarwarin nan ya rufe ƙofofin da aka fi shigowa ta cikinsu.

Kammalawa

Hausawa suna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kakanninmu sun san riƙe sirri wani sashe ne na mutunci, shi ya sa suka gina zaure tsakanin titi da cikin gida, baƙo ya tsaya a can har a yi masa iso. Wayar hannu ta zo ba ta da zaure, sai wanda mai ita ya gina mata.

Muna roƙon ɗalibanmu, in kun je hutu, ku zauna da iyayenku ku nuna musu inda ake fita daga asusu da inda ake ƙin kukis, gama da yawansu suna riƙe da waya amma ba sa karanta Turancin da ke cikinta. Sirrin da kuka gani a wayar da aka ba ku aro kuma amana ce a hannunku. In kun tarar wani ya manta bai fita daga asusunsa ba a kafe, ku fitar da shi ku wuce, kada ku karanta ko layi ɗaya. Muna yi wa 'yan aji shida masu barinmu a bana fatan alheri a jarrabawarsu da inda za su nufa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.